Wane madubin saiti ya dace da bindiga .22?

Manomin Ejura:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar. Ina da bindiga .22 mai sakata, CZ 455, da lasisinta, kuma ina so in ɗora mata madubin saiti. Aikinta a gona ne ta wajen Ejura, a ƙasar Ghana: gyazbi, wato akrantie, da ke sassare masara, sai kuma harbin takarda don gwaji. Nisan harbin daga mita 20 ne zuwa 60, da wuya ya kai 80, kuma yawanci da sassafe ne ko dab da magariba. An nuna mini madubi biyu a nan Kumasi. Ɗaya an rubuta masa 6-24x50, ƙato ne, giciyensa, wato layukan saiti da ake gani a ciki, yana kawo wuta ja da kore. Ɗayan 3-9x40 ne, an ce na babbar bindigar farauta ne. Mai sayarwa ya ce in ɗauki babban tunda ya fi jawo abu kusa. Wanne ya dace? Kuma zobban da ke cikin kwalin, na ɗaura madubi a kan bindiga, za su hau bindigata?

Alhajin Aboabo:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka ɗauki babban nan. Na biyun ma sai ka duba abu ɗaya a jikinsa tukuna.

Lambobin farko, 6-24 ko 3-9, su ne ninkin kusantarwa. Ta ƙarshe kuma, 50 ko 40, faɗin gilashin gaba ne a milimita. Matsalar 6-24 ita ce ƙasansa, ba samansa ba. Mafi ƙanƙantar ninkinsa shida ne, kuma a ninki shida, dabbar da ke mita 15 ko 20 cikin ciyawa sai ka yi ta lalube kafin ka same ta a madubi, domin filin da kake gani ya ƙuntata. Da ta motsa, ta fita. A sama kuma, ninki 24 yana ninka rawar hannunka da bugun zuciyarka sau 24. Wannan na mai harbin takarda ne a kan tebur, da buhun yashi gaba da baya. Ga aikin gona, ninki 3 ko 4 ake yawo da shi, a ɗaga zuwa 6 ko 7 in dabba ta tsaya kuma an sami inda za a jingina bindiga.

Tunda ka ambaci magariba, ga lissafin haske. Raba faɗin gilashin gaba da ninkin da kake kai, abin da ya fito shi ne faɗin hasken da ke shiga idonka. 40 a ninki 6 ya ba ka kusan milimita 6.7, a ninki 9 ya ba ka 4.4. 50 a ninki 24 kuwa milimita 2 ne kawai, shi ya sa yake duhu da yamma, kuma da ka ɗan karkata kai hoton ya ɓace. Ƙwayar idon saurayi tana buɗewa zuwa wajen milimita 7 a duhu, ta mai shekaru kuwa wajen 5. Ke nan 2-7x32 ko 3-9x40 mai gilashi mai kyau ya ishe ka, in ka sauke ninkin lokacin da rana ta yi ƙasa. Ingancin gilashi da shafin da aka yi masa sun fi girmansa tasiri. Madubi mai arha da aka cika wa ninki da fitilu, a gilashin aka rage kuɗin.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci, wanda masu sayarwa ba sa faɗa. Kowane madubi yana da nisan da hoton abin bara da giciye suke haɗuwa a wuri ɗaya. A wannan nisan, ko ka motsa kanka giciye ba ya barin inda yake. A wani nisan daban kuwa, in idonka ya kauce daga tsakiya, sai giciyen ya yi kamar yana yawo a kan abin bara, alhali bindiga ba ta motsa ba. Shi ake kira faralaks. Madubin babbar bindiga yawanci an ɗaure shi a yadi 100, wato kusan mita 91. Na ƙaramar bindiga irin taka, wanda za ka ga an rubuta masa Rimfire a kwali, an ɗaure shi a yadi 50, wasu kamar na kamfanin Leupold a yadi 60.

Girman kuskuren ana iya lissafa shi. Madubi mai gilashin gaba milimita 40 da aka ɗaure a yadi 100, in ka harba a yadi 50 kuskuren zai iya kai milimita 10, a yadi 25 kuma milimita 15, in idonka ya je can gefe. Ga mai harbin barewa wannan ba komai ba ne. Ga wanda yake neman kan gyazbi, santimita ɗaya da rabi ita ce tsakanin kisa nan take da raunata dabba ta shige daji tana wahala. Ban da haka, a ninki 9 abin da ke kusa zai fito dishi-dishi.

Gwada 3-9x40 ɗin da kanka. Ajiye shi a kan abin da ba ya motsi, ka sa giciye a kan wani ɗan tabo a mita 30, ka ɗaga ninki zuwa 9, sannan ka motsa kanka sama da ƙasa ba tare da ka taɓa shi ba. In giciye yana zamewa daga tabon, ka ga faralaks da idonka.

Abin da zan zaɓa maka ɗaya ne cikin biyu. Ko dai 2-7x32 na ƙaramar bindiga, irin Vortex Crossfire II Rimfire da aka ɗaure a yadi 50, ko Leupold VX-Freedom Rimfire 2-7x33. Ko kuma 3-9x40 mai haruffan AO, kamar Hawke Vantage, wanda zoben gilashinsa na gaba yake juyawa, ka daidaita shi da nisan da kake so tun daga yadi 10. Tunda har da harbin takarda a niyyarka, na fi karkata ga mai AO.

Ɗan Suame:

Alhaji ya gama maganar gilashi. Ni a kan zobba zan tsaya, domin mafi yawan madubin da ake cewa "ba ya riƙe saiti", lafiyarsa ƙalau, ɗaurin ne ya ɓaci.

Yaya, zobban cikin kwali kada ka amince da su sai ka auna. Saman bindigarka akwai tsaga biyu, hagu da dama, inda haƙoran zobe suke kamawa. A CZ 455 faɗin milimita 11 ne, awon Turai. Bindigogin Amurka da yawa, irin Marlin 60, nasu inci 3/8 ne, kusan milimita 9.5, kuma kusurwar tsagar ma ba ɗaya ba ce. Zoben 3/8 yana iya hawa tsagar 11 har ka ɗaure shi, amma zai zauna a karkace, da bakin haƙori kawai ya kama. Sakamakon haka madubin ya kalli gefe, ka cinye juyin hagu da dama kafin ka sami tsakiya, bayan harbi kaɗan kuma ya zame. Manyan madubai irin 6-24x50 galibi suna zuwa ne da zoben Weaver ko Picatinny mai faɗin kusan milimita 21. Wannan ba zai hau taka ba sam sai an ɗora mata wani ƙarfe na musamman da zoben zai kama.

Abu na biyu kaurin bututun madubin. Akwai inci 1, wato milimita 25.4, akwai milimita 30. Zobe dole ya zama daidai da shi. Kada a cusa takarda ko robar tayar keke a cike gibi.

Na uku tsawon zobe. Ka nemi mafi gajarta da zai bari gilashin gaba ya tsallake bututun bindiga da milimita 2 ko 3, kuma hannun sakata ya ɗaga ya wuce gilashin baya bai goge shi ba. A CZ wannan na biyun shi ya fi kama mutane, don haka ka gwada buɗe sakatar kafin ka biya. Gilashin milimita 50 yana tilasta maka dogon zobe, sai kuncinka ya bar ƙota, kai yana lilo a iska. Kai mai lilo kuwa shi ne yake jawo kuskuren da Alhaji ya lissafa.

Wajen ɗaurawa, fara tabbatar bindiga babu harsashi, ka zare sakata da gidan harsashi. Goge tsagar da haƙoran zobe da sukurori da ɗan sifirit har mai ya fita, domin mai a tsaga shi ke sa zamewa. Ɗaura ƙasan zobban, ka ɗora madubi, ka rufe saman sako-sako. Sai ka ɗaga bindiga kafaɗa ido a rufe, ka kwantar da kunci yadda ka saba, sannan ka buɗe ido. Ka tura madubin gaba ko baya har hoton ya cika zagaye babu baƙin gefe, kuma a ninki mafi girma za ka yi wannan, domin a nan tazarar ido ta fi ƙunci. Yawanci santimita 8 zuwa 10 ce tsakanin ido da gilashi. Madubi ake kawowa wurin ido, ba wuya ake miƙawa ba.

Don giciye ya miƙe, rataya zare da ɗan dutse a mita 10, ka daidaita bindiga ta zauna sosai, ka juya madubi har layin tsaye ya bi zaren. Sannan ka ɗaure sukurorin sama kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sai waccan, gibin hagu da na dama su zama daidai. Ƙarfin ɗaurin da yawancin kamfanoni suke faɗa inci-fam 15 zuwa 18 ne, kusan nitan-mita 2. In babu sifana mai awo, riƙe gajeren ɓangaren alanki da yatsu biyu ka ɗaure, ya isa. Wanda ya kama dogon ɓangaren ya murɗa da ƙarfin bakanike zai matse bututun, kayan cikin su cije, juyin saiti ya daina tafiya daidai, zoben ninki ya yi tauri. Wannan ɓarnar ba ta gyaruwa.

In ka gama, ja layi da fensir a jikin tsagar daidai bakin kowane zobe. Duk ranar da saiti ya canza, fara duba layin nan kafin ka taɓa komai.

Tsohon Mafarauci:

Alhaji, a gafarce ni, ban bi ka a kan AO ba. Ga aikin da yaron nan ya faɗa, 4x32 mai ninki ɗaya tak da aka ɗaure a yadi 50 ya wadatar. Ba shi da nauyi, haskensa milimita 8 ne, kuma babu abin juyawa balle a manta shi a inda bai dace ba. Mai AO, in an bar shi a mita 20 sannan dabba ta fito a 60, kuskurensa ya fi na wanda aka ɗaure yawa, gyazbi kuma ba ya jira a gyara zobe. Kowane abu mai juyawa ƙofa ce ta laima da ƙura. In ya sayi mai AO ɗin, to ya bar shi a 40 ko 50 duk lokacin da yake gona, ya riƙa juya shi a wurin takarda kaɗai.

Laimar nan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar Asante. Daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma Satumba da Oktoba, madubin da ba a toshe shi da kyau ba zai yi raɓa a ciki, daga baya fumfuna ta yi saƙa a gilashi. Ka duba an rubuta cewa an cika shi da iskar naitirojin ko agon kuma ruwa ba ya shiga. Raɓar waje, wadda takan kwanta in an fito da shi daga mota mai sanyi, ba laifi ba ce, za ta bushe. Ta ciki ita ce alamar ya mutu. Kada ka ajiye bindiga cikin jakar soso ko ta ƙyalle da damina. Ka shanya ta a inuwa, ka sa ta a akwati mai makulli tare da 'yan ƙunshin silika masu shan laima. Da hunturu kuma ƙurar nan yashi ce mai laushi. Hure ta tukuna, ka share da burushi mai taushi, sannan ƙyallen gilashi. Gefen riga yana kankare shafin gilashin, man bindiga kuma kada ya kusance shi.

Fitilar giciye ba ka bukatarta. In duhu ya kai har ba ka ganin baƙin giciye, ba ka ganin abin da ke bayan dabbar ma, lokacin komawa gida ya yi. Harsashin .22 yana iya tafiyar kusan kilomita ɗaya da rabi, kuma yana tsalle a kan ruwa da busasshiyar ƙasa mai marmara. Gonakin Ejura akwai mutane a cikinsu, da makiyaya da shanu. Madubin bindiga kuma ba abin leƙe ba ne: duk abin da ka kalla da shi, bakin bindiga ka nuna masa.

Lasisin bindiga na 'yan sanda daban, kuma duk shekara ake sabunta shi. Izinin farauta daban, a Sashen Namun Daji na Hukumar Gandun Daji ake karɓa. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta, akrantie ne kaɗai aka bari, shi ma sai da izini.

Manomin Ejura:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na ji gargaɗin. Na bar babban. Saura saiti: a mita nawa zan ɗaure shi? Kuma na ga wasu suna da ɗige-ɗige a ƙasan giciye, an ce na nisa ne, suna da amfani?

Malamin Asawase:

Ɗan'uwa, ɗaure shi a mita 50. Dalili yana cikin tafiyar harsashin. Mai nauyin giren 40 na gudun yau da kullum yana fita da kusan mita 330 a daƙiƙa. In tsakiyar madubi tana santimita 4 sama da tsakiyar bututu, kuma saiti yana mita 50, a mita 10 harsashi zai bugi ƙasa da giciye da kamar santimita ɗaya da ɗoriya. Wajen mita 16 zuwa 18 zai hau layin gani, tsakanin 25 da 40 ya ɗan haura da santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a 50 ya dawo daidai. A 60 ya sauka kamar santimita 2 zuwa 3, a 75 wajen 8, a 100 kuma 20 ko fiye kaɗan. Ke nan daga mita 15 zuwa 55 giciye kawai za ka ɗora ka harba.

Kafin harbi, gyara gilashin ido. Kalli farin bango ko sarari nesa da rana, ka juya zoben baya har giciye ya fito baƙi sosai da kallon farko. Ka riƙa ɗauke ido kana dawowa, domin in ka daɗe kana kallo ido zai gyara da kansa ya ruɗe ka. Wannan zoben na giciye ne kawai, ba na abin bara ba.

Fara a mita 25 da babban kwali, bayansa tudun ƙasa. Zare sakata, ka kwantar da bindiga a kan buhun yashi, ka leƙa ta cikin bututu har tabon ya zo tsakiya, sannan ka juya saitin madubi giciye ya hau tabon ba tare da bindiga ta motsa ba. Wannan zai sa ka a kan takarda tun harbin farko. Harba biyar kana nufin wuri ɗaya, ka auna daga tsakiyar taronsu, ba daga rami ɗaya ba. Mai bin kowane harsashi da gyara ba ya gamawa.

Lissafin juyi shi ne inda ake ruɗewa. In an rubuta 1/4 MOA (awon kusurwa ne) a murfin juyin saiti, kowane ƙas, wato taki ɗaya na juyin, yana matsar da harsashi kusan milimita 7.3 a mita 100, amma 3.6 a mita 50, kuma 1.8 kawai a mita 25. To in taron ya sauka santimita 4 a mita 25, ƙas 22 kake bukata, ba 5 ba. In an rubuta 0.1 MIL, shi ma awon kusurwa ne, ƙas ɗaya santimita 1 ne a mita 100, milimita 5 a mita 50. Kibiyar da ke murfin tana nuna inda ramin zai koma ne. A mita 25 ka bar taron santimita ɗaya sama da tabo, sannan ka koma 50 ka kammala, da safe kafin iska ta tashi. Iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa tana ture .22 kusan santimita 3 a mita 50, fiye da 10 a mita 100.

Ɗige-ɗigen nan an lissafa su ne da harsashi iri ɗaya, yawanci mai saurin gudu, kuma a galibin madubai suna daidai ne a ninki mafi girma kaɗai. In ka sauke ninki daga 9 zuwa 4.5, tazarar da kowane ɗigo yake rufewa a kan abin bara ta ninka biyu. Ga nisanka giciye mai kaurin gefe da siririn tsakiya ya fi. In madubin ya zo da ɗigon, harba a 60 da 75 ka rubuta inda kowanne yake bugawa da harsashinka, ka manna takardar a ƙota.

Kuma ka tsaya a kan harsashi iri ɗaya. Canza kamfani ko gudu yana iya matsar da taron santimita biyu ko uku a mita 50. In dole ta sa ka canza, harba goma zuwa ashirin tukuna bututu ya saba da man sabon, sannan ka sake duba saiti.

Alhajin Aboabo:

Baba Mafarauci ya yi gaskiya a kan barin AO a 40 ko 50, na karɓa. Abu ɗaya zan ƙara, tunda jabun manyan sunaye sun yi yawa a kasuwa. Nemi lambar jiki ka gwada ta da ta kwali, ka duba rubutun ko ya karkace, ka saya wurin dila mai lasisi da rasit. Bayan ka gama saiti kuma ka yi masa gwajin kusurwa huɗu a mita 50: harba uku a tabo, juya ƙas 16 sama ka harba uku, 16 dama, 16 ƙasa, 16 hagu, kullum kana nufin tabon farko. In juyin 1/4 MOA ne, kowane gefe ya kamata ya zama kusan santimita 6, ukun ƙarshe kuma su faɗa kan ukun farko. In ba su dawo ba, kuma layin fensir ɗin Ɗan Suame bai motsa ba, ka mayar da madubin tun rasit yana hannunka.